Tsawon Farce a Kiɗan Jitar Kilasik: Me Ya Sa Malamai Suka Saɓa?

Wanda ya dubi hannayen makaɗin jitar kilasik zai ga kamar na mutum biyu ne. Faratan hagu a yanke suke har gindi, na dama kuwa an bar su sun ɗan leƙo, an goge bakinsu har suna sheƙi. Sabon ɗalibi da ya ga haka sai ya tambaya, to ni nawa zan bari? Daga nan ruɗani yake farawa. Wani malami ya ce milimita ɗaya ya isa, wani ya ce sai ya kai uku, wani kuma ya ce a yanke duka, tsoka ce ke ba da amo mai daɗi. Dukansu kuwa makaɗa ne da aka ji hannunsu, babu wanda za a ce bai san abin da yake faɗa ba.

Wannan saɓani ya kusa shekara ɗari biyu a rubuce. Amma yawancinsa yana warwarewa da zarar an gane cewa tsawon farce yana bin bayan wasu abubuwa ne guda uku: surar kan yatsan mutum, yadda yake ɗora hannunsa a kan tsirkiya, da irin amon da kunnensa yake nema. Wanda ya fara da adadi kafin ya san waɗannan, ya fara daga ƙarshe.

Wace jita, wane farce

Jitar da aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce ta lantarki, irin wadda Bombino da sauran makaɗan Abzinawa na Agadas suke kaɗawa, ko kuwa mai tsirkiyar ƙarfe da ake gani a coci. Maganar nan ba ta shafe su ba. Jitar kilasik ita ce ta rubutaccen kiɗan Turai da ake koyarwa a makarantun kiɗa. Ba a jona ta da wuta, kuma tsirkiyoyinta shida ne. Uku masu siririyar murya na nailan ne, wato zaren roba mai santsi. Uku masu kaurin murya kuwa zaren nailan ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufin azurfa. Surar da take da ita a yau ta fito ne daga hannun wani masassaƙin jita ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892.

Mai garaya yana riƙe ɗan guntun busasshiyar fata yana bugun tsirkiya da shi. Mai jitar kilasik yatsunsa ne kayan aikinsa, guda huɗu na hannun dama. A takardun kiɗa ana yi musu alama da harafin farko na sunayensu na Sifaniyanci: p babban yatsa, i manuniya, m na tsakiya, a na zobe. Ƙaramin yatsa hutawa yake yi, sai dai a filamenko, kiɗan kudancin Sifaniya, inda ake watsa yatsu duka a kan tsirkiyoyi da bayan farce. Hannun hagu kuwa aikinsa danne tsirkiya a wuyan jita, kuma babu mai gardama a kansa: farce ya ɗan leƙo, kan yatsa ba zai tsaya a tsaye ba, zai kwanta ya taɓa tsirkiyar da ke kusa ya shaƙe ta. Bahagon da ya juya jitarsa sai ya juya wannan bayani duka.

Bugun hannun dama iri biyu ne. Akwai apoyando, bugun jingina, inda yatsa zai ja tsirkiya ya je ya tsaya a kan wadda ke bayanta. Akwai tirando, bugun saki, inda yatsa zai ja tsirkiya ya wuce cikin tafin hannu bai taɓa wata ba. Tsawon da za a zaɓa dole ya yi wa duka biyun aiki, domin a waƙa ɗaya makaɗi yana shiga wannan yana fita wancan.

Asalin gardamar

A birnin Paris, tsakanin shekarun 1820 da 1830, akwai manyan makaɗan jita biyu 'yan Sifaniya da suka zauna a masauki ɗaya, abokai ne, har sukan yi kiɗa tare. Fernando Sor haifaffen Barcelona da tsoka yake kiɗa. A littafinsa na koyarwa da ya fito a 1830 ya kushe kiɗan farce, yana ganin amonsa busasshe ne, mutum ɗaya kawai ya yi wa uzuri, abokin nasa Dionisio Aguado ɗan Madrid, saboda saurin yatsunsa. Duk da haka shi kansa Sor yakan sa ɗan abin da ya rage masa na farce idan yana son kwaikwayon muryar obo, wata irin algaitar Turawa.

Aguado ya tsaya a kan farce, amma da sharaɗi. A littafinsa na 1843 ya ce kada ya yi tsawo, kada ya cika tauri, a zagaye bakinsa, ya wuce tsoka da kaɗan. Dalilinsa shi ne dogon farce yana rage sauri, domin tsirkiya tana daɗewa kafin ta zame ta fita. Ya kuma bayyana cewa tsirkiya tsoka za ta fara taɓawa, sannan ta bi ta kan farce. Daga baya, bayan ya saurari Sor, ya yanke farcen babban yatsansa ya bar na sauran. Wannan bayani na Aguado shi ne kusan abin da ake koyarwa har yau, abin da ke nuna cewa tun farko mai goyon bayan farce ma gajere yake nufi.

Francisco Tárrega, wanda ya rayu daga 1852 zuwa 1909, shi ya sake tayar da ƙurar. Ko wanda bai taɓa jin sunansa ba ya san kiɗansa, domin ƙarar kiran wayar Nokia da ta cika kasuwanninmu daga waƙarsa Gran Vals aka ciro ta. Ya yi yawancin rayuwarsa yana kiɗa da farce, sai a shekarunsa na ƙarshe ya yanke. Wasu sun ce neman tsaftar amo ne ya kai shi, wasu sun ce rashin lafiya ce ta lalata masa faratan. Ɗalibansa suka rabu gida biyu. Miguel Llobet ya ci gaba da farce. Emilio Pujol ya riƙe tsoka har ƙarshen ransa a 1980, ya kuma rubuta ɗan littafi sukutum a kan wannan takaddama, wanda kamfanin Ricordi ya buga a Buenos Aires a 1960.

Abin da ya karkatar da ma'auni abu biyu ne. Na farko Andrés Segovia, wanda ya fitar da jita daga ɗakunan zaman masu hali ya kai ta manyan zauruka, a Paris a 1924, a New York a 1928. Zauren da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane, babu lasifika, yana buƙatar amon da zai kai kujerar ƙarshe, kuma haɗin tsoka da farce shi ya ba shi hakan. Na biyu tsirkiya ce ta canza. Da, da hanjin tumaki ake yin ta, tana da ɗan kaushi da tsoka ke iya kamawa, farce kuma yana saurin cinye ta. A lokacin yaƙin duniya na biyu hanji ya yi wuyar samu, sai Albert Augustine a New York, da taimakon Segovia, ya fito da tsirkiyar nailan a ƙarshen shekarun 1940. Nailan tana da santsi, tana jure farce, ga araha. Daga nan makarantun kiɗa suka bi hanyar Segovia, kiɗan tsoka ya zama na tsiraru.

Abin da farce ke yi wa tsirkiya

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata ƙarar kirki, siririya ce, iskar da take turawa kaɗan ce. Girgizarta tana bi ta gada, wato ɗan katakon da aka ɗaure tsirkiyoyi a kai, ta shiga fuskar jita, allon nan da kaurinsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Allon ne yake motsi ciki da waje ya fitar da murya. Saboda haka tsirkiyar da aka tura ciki, wajen fuskar jita, kafin a sake ta, ta fi cikar murya a kan wadda aka ja gefe kawai. Wadda aka fizgo waje kuwa takan dawo ta mari ƙarafan wuyan jita, a ji ƙara mara daɗi. Wani makaɗi ɗan Ingila da ya karanta ilimin fizis, John Taylor, ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa kan samar da amo a jitar kilasik, wanda ya fito a 1978.

A nan aikin farce yake. Bakinsa gangara ce. Yatsa yana tafiya, tsirkiya tana bin gangarar, gangarar tana danna ta ciki, har ta kai ƙarshe ta kuɓuce. Maharbi ya san irin wannan: jan baka da ƙarfi bai isa ba, yadda tsirkiya ta bar yatsa shi ke sa kibiya ta tafi daidai. Idan tsirkiyar jita ta kuɓuce farat ɗaya daga abu mai tauri da tsini, amon yakan fito da kaifi da haske. Idan ta zame a hankali daga tsoka, kaifin yana raguwa, amon ya yi taushi da duhu. Makaɗi na zamani yana son duka biyun a bugu ɗaya, tsoka ta kama tsirkiya ta tsayar da girgizar da ta gabata, farce ya sake ta da tsafta.

Wurin da ya fi kome muhimmanci shi ne ɗan lungun da tsoka da farce suka haɗu, galibi a gefen da ke fuskantar babban yatsa. Nan ake ɗora tsirkiya kafin bugu. Idan an ɗora ta can baya a kan tsoka, ta yi tsalle kafin ta iske farce, za a ji wani ɗan ƙas kafin amon ya fito. Ɗalibai da yawa da suka ji wannan ƙas ɗin sukan ɗora wa tsawon farce laifi su rage shi, alhali wajen ɗora tsirkiyar ne ya kauce. Wasu kuma da gaske tsawon ne, domin farcen ya yi nisa har tsirkiya ba ta taɓa tsoka kwata-kwata. Bambance waɗannan biyu shi ne aikin farko, kuma ana yinsa ne da bugu a hankali, ido a kan yatsa.

Daga ina ake awo

Adadin da ya fi yawo a bakin malamai shi ne milimita ɗaya zuwa biyu. Adadin ba shi da laifi. Matsalar tana wajen inda ake ɗora ma'auni. Mutane da yawa suna duban bayan hannu su auna farin bakin farce, wato ɓangaren da ya rabu da tsoka, kuma wannan awo yana yaudara. A wasu mutane farce a manne yake har kusan ƙarshen yatsa, fari kaɗan ya fito ya riga ya wuce tsoka. A wasu kuwa, musamman masu cizon farce tun suna yara da waɗanda suka saba ƙwaƙulewa da reza, farcen yana rabuwa da tsoka tun daga baya, sai farin ya kai milimita uku ko huɗu kafin ma ya iso bakin yatsa. Mutum biyu za su nuna fari iri ɗaya, na ɗaya ya yi tsawo, na ɗayan bai ma fara taɓa tsirkiya ba. Mai cewa uku da mai cewa ɗaya sau da yawa abu ɗaya suke nufi, kowa daga inda yake kallo.

Daga tafin hannu ake awo. A ɗaga hannu daidai ido, tafin yana fuskantar mutum, yatsu a miƙe amma a sake. Siririn layin farcen da ya leƙo bisa tsoka shi ne tsawon da ake magana. Akwai kuma gwajin da malamai da yawa suke koyarwa: a ɗauki zarton farce, ko wani abu mai shafaffen gefe, a ɗora shi a kan yatsa ya gitta kansa daidai. Idan ya taɓa farce da tsoka lokaci ɗaya bai karkata ba, an yi kusa da daidai. Idan sai ya jirkice wajen tafi kafin ya sami tsoka, farcen ya yi tsawo. Idan ya jirkice wajen bayan hannu kafin ya sami farce, ya yi gajarta. Kyawun wannan gwaji shi ne yana lissafa tudun tsokar mutum. Mai kan yatsa mai kauri zai bar farce ya fi na mai siririn yatsa tsawo kafin su sami sakamako ɗaya.

Sai riƙon hannu. Tsofaffin hotunan makaɗa suna nuna wuyan hannu a tanƙware, yatsu suna gitta tsirkiya kai tsaye. Yawancin malaman yanzu suna son wuyan hannu a miƙe, saboda lafiyar jijiyoyi, sai yatsu su zo wa tsirkiya a karkace. Mai zuwa a karkace yana amfani da gefen farce, tsirkiya tana da doguwar gangarar bi, ɗan ƙarin tsawo ba ya damunsa sosai. Mai gittawa kai tsaye kuwa faɗin farcen duka ne ke karo da tsirkiya, ƙari kaɗan zai sa ya maƙale. Akwai ma waɗanda suka juya abin baki ɗaya: Ida Presti ta Faransa da mijinta Alexandre Lagoya da gefen da ke fuskantar ƙaramin yatsa suke kiɗa, don haka gangararsu ta ɗaya ɓangaren take. Haka nan gaɓar ƙarshe ta yatsa. Wanda yake barinta ta ɗan lanƙwashe baya lokacin bugu, farcensa yana zamewa cikin sauƙi. Wanda yake ƙage ta, gajere ya fi masa.

Dogo da gajere

Dogon farce yana da abin da yake bayarwa. Amonsa yana da haske, yana ratsa zaure, kuma yana sauƙaƙa bugun saki, tunda yatsa ba sai ya nutsa tsakanin tsirkiyoyi ba. Kuɗin da ake biya shi ne amon yana sirancewa, sai a ji kamar jitar ba ta da ciki. Bugun jingina yana yin nauyi, domin farce yana riƙe tsirkiya fiye da kima, makaɗi ya ƙara ƙarfi don ya ƙwace, hannu ya ƙage, sauri ya ragu. Tazarar tsirkiya da tsirkiya a wajen da hannun dama yake aiki milimita goma sha ɗaya ce zuwa goma sha biyu, wuri ne matsattse, kuma kowane ƙari a farce yana ƙara yiwuwar taɓo ta kusa. Ga saurin karyewa.

Gajeren farce yana ba da amo mai kauri da ɗumi, yatsa yana jin tsirkiya, ana wucewa da sauri. Idan ya cika gajarta kuma sai wata matsala ta fito, wadda ta fi ta dogon ɓata rai: wani bugun ya sami farce, wani ya kuskure, sai amon ya riƙa canza launi daga wannan sauti zuwa wancan ba da nufin makaɗi ba. Wanda ya tsaya a wannan tsaka-tsakin gara ya zaɓi ɗaya, ko ya ƙara kaɗan ko ya yanke duka.

Idan aka auna illolin biyu, hujja ta fi ƙarfi a ɓangaren gajere, musamman ga mai koyo. Dogon farce yana ɓoye raunin hannu. Yana ba da ƙara ko da yatsa bai tura tsirkiya ciki ba, sai ɗalibi ya shekara yana karce saman tsirkiya yana zaton kiɗa yake yi. Shi ya sa malamai da dama suke fara koyar da yara ba tare da farce ba, sai hannu ya zauna sannan a bari ya fito.

Ita ma jitar tana da nata ra'ayi. Mai fuskar katakon sida ta fi duhun murya, mai fuskar katakon sufurus ta fi haske. Tsirkiyar kabon, wata sabuwar roba da ta fi nailan siranta, tana da kaifi tun daga kamfani. Wanda ya haɗa jita mai haske da tsirkiyar kabon da dogon farce zai sami amon da ke sukar kunne.

Yatsu ba tsawonsu ɗaya ba

Na tsakiya ya fi sauran tsawo, na zobe ya fi rauni kuma yana zuwa wa tsirkiya ta wata kusurwa daban. Saboda haka makaɗa da yawa sukan bar farcen na zobe ya ɗan fi, na tsakiya ya ɗan gaza. Abin nema shi ne kowane yatsa ya ji nauyin tsirkiya iri ɗaya. Inda wannan yake fitowa fili shi ne tiremolo, salon da babban yatsa zai bugi kauri, sannan na zobe da na tsakiya da manuniya su bi juna da sauri a kan tsirkiya ɗaya har a ji kamar sauti ɗaya ne dogo. Shahararriyar waƙar Tárrega, Recuerdos de la Alhambra, da shi aka gina ta daga farko har ƙarshe. Farce ɗaya ya wuce tsawon da ya dace da shi da rabin milimita, kiɗan zai riƙa ɗingishi.

Babban yatsa hukuncinsa daban. A kwance yake zuwa, da gefensa yake bugu, don haka farcensa yakan fi na sauran tsawo kafin ya iske tsirkiya. Wasu suna gyara shi yadda za su iya bugu da tsoka zalla ko da farce gwargwadon yadda suka juya yatsan. Wasu sun bi Aguado sun yanke shi, suna son kauri mai taushi.

Ba a kuma raba tsawo da sura. Scott Tennant, makaɗi ɗan Amurka, ya yi bayanin surorin farce a littafinsa Pumping Nylon na 1995, ya nuna amfanin gangara a kan tsini. Farce mai tsini a tsakiya yana ba da siririn amo kome gajartarsa. Farcen da yake lanƙwasowa ƙasa idan ya girma yana kama tsirkiya, mai irinsa dole ya bar shi gajere kuma ya goge ƙasansa ya miƙe. Akwai dabara mai sauƙi ta gano gangarar da ta dace da hannun mutum. A naɗe ɗan guntun samfefa mai laushi a kan tsirkiya, a riƙe shi da hagu, a yi ta bugu da yatsa yadda aka saba kiɗa. Bayan bugu goma ko ashirin a duba farcen. Inda samfefar ta ci, nan tsirkiya take bi, kuma kusurwar da ta bari ita za a bi da zarto.

Bayan zarto sai gogewa. Ana farawa da samfefa mai lamba 500 ko 600, a hau zuwa masu laushi, akwai waɗanda suke kai wa lamba 12000. Baki da ƙasan baki duka ake gogewa. Tsirkiya ta farko, mafi siranta, ita ke tona asirin farcen da bai gogu ba, za a ji shuu kafin amo. Sau da yawa abin da ake kuka da shi a matsayin tsawo kaushi ne kawai.

Masu kiɗa da tsoka

Hanyar Sor da Pujol ba ta mutu ba. Masu kaɗa jitocin ƙarni na 19 da tsirkiyar hanji sun farfaɗo da ita, kuma lasifika da na'urar ɗaukar sauti sun rage ƙarfin hujjar babban zaure. Masu wannan ra'ayi suna cewa amon tsoka ya fi kusa da muryar mutum, kuma sun huta da fargabar karyewar farce ana gobe wasa. Masu farce suna amsawa da cewa launukan amo sun fi yawa a wajensu, daga mai taushi kusa da ramin jita zuwa mai kaifi kusa da gada, kuma yawancin waƙoƙin da aka rubuta wa Segovia da takwaransa Julian Bream da waɗannan launuka aka tsara su. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin lura kawai shi ne kiɗan tsoka fasaha ce mai zaman kanta, da nata riƙon hannu da tsirkiya mara tsauri, kuma yakan ɗauki watanni kafin kan yatsa ya saba.

Farce yana girma, rayuwa tana ci

Farcen hannu yana ƙaruwa da kimanin milimita uku a wata, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita a rana. Wanda tsawonsa milimita ɗaya da rabi ne, mako guda ya isa ya ƙara masa kusan rabin haka. Don haka ana taɓa shi da zarto duk kwana biyu ko uku, kaɗan-kaɗan. A ɗaya ɓangaren kuma tsirkiyoyin kauri, masu naɗin waya, suna cin farce, har wasu masu atisaye na awanni sukan liƙa masa ɗan salatif. Almakashi da abin datse farce suna iya tsaga shi, zarton gilashi ya fi. Ba a gyara farce bayan wanka ko wanki, domin ya sha ruwa ya yi laushi, idan ya bushe surarsa za ta canza. Hunturu yana busar da shi ya riƙa tsagewa, man kaɗe ko man zaitun a gindinsa da dare yana taimakawa. Idan ya karye, makaɗa sukan ɗinke tsagar da gam mai ƙarfi da ƙyallen siliki, wasu har guntun ƙwallon tebur suke yankawa su liƙa a ƙasansa, wasu su sa na roba.

Ga mai koyo Musulmi akwai tambayoyi biyu da littattafan Turai ba su taɓo ba. Yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, kuma hadisin Anas ɗan Malik a Sahihu Muslim ya sa iyakar kwana arba'in. A lissafin girman farce, kwana arba'in kimanin milimita huɗu ne, tsawon da ya wuce abin da jita take buƙata, kuma makaɗi yana rage nasa duk bayan 'yan kwanaki. Ko barin ɗan abin da ya leƙo a kullum ya dace da sunna, wannan fatawa ce ta malamai. Ta biyun ta fi fitowa fili: gam da farcen roba suna hana ruwa isa ga farce, kuma malaman fiƙihu suna sharɗanta isar ruwa a alwala. Wanda wannan ya dame shi, gajeren farce na halitta ko kiɗan tsoka sun raba shi da matsalar. Da hannun dama kuma ake cin tuwo a yi musafaha, don haka tsaftar ƙarƙashin farce wajibi ce. Ma'aikatan jinya da masu girkin sayarwa, waɗanda aikinsu ya hana su barin farce, su ma hanyar Pujol a buɗe take gare su.

Mai son gwadawa ya bar faratan dama su yi mako biyu zuwa uku, har su wuce abin da yake zaton yana buƙata. Sannan ya zauna da jita da zarto, ya rage kaɗan, ya goge, ya buga tsirkiya ta uku da ta farko da bugun jingina da na saki, ya saurara, ya sake ragewa. Yatsa ɗaya ake gamawa kafin a koma wani. Inda tsirkiya ta daina maƙalewa amma har yanzu kowane bugu yana samun farce, nan ake tsayawa, a ɗauki hoton hannun daga tafi da waya don gaba. Idan zarto ya wuce gona da iri, milimita ɗaya da aka rasa yana dawowa cikin kimanin kwana goma.